Tsinken Gwajin Fitsari Mai Gida Goma: Wa Yake Yi Wa Amfani Cikin Masu Haɗarin Ciwon Ƙoda?

Kwalba ce ƴar ƙarama, a cikinta tsinkaye hamsin ko ɗari, kowanne da ƙananan gidaje goma masu launi a jere, a jikin kwalbar kuma an liƙa jadawalin launukan da ake kwatantawa da su. Multistix 10 SG na kamfanin Siemens da Combur na kamfanin Roche su ne suka fi suna, sai tarin wasu da ke bin salonsu. Fasahar ba sabuwa ba ce. Alfred Free da matarsa Helen Free ne suka fito da tsinken auna suga a fitsari mai suna Clinistix a Amurka a 1956, na furotin kuma, Albustix, ya biyo baya ba da jimawa ba. A yau masu ciwon suga, da masu hawan jini, da waɗanda wani nasu ya kai ga wankin ƙoda, suna sayen wannan kwalba su ajiye a gida domin sa ido a kan ƙodarsu.

Ra'ayinmu a kansa shi ne: kayan aiki ne nagari, mai sauƙi, mai sauri, amma amfaninsa ya danganta da irin haɗarin da jikin mutum yake ɗauke da shi. Akwai wanda tsinken zai iya zama abu na farko da zai fallasa masa cutar. Akwai kuma wanda tsinken zai yi ta ce masa lafiya lau shekara da shekaru alhali ƙodar tana lalacewa. Abin takaici shi ne rukuni na biyu ya fi yawa.

Abin da likita ke nema, da abin da tsinken ke gani

Ba a cewa mutum yana da ciwon ƙoda mai ɗorewa sai alamar ta wuce wata uku. Ƙa'idar KDIGO, ƙungiyar ƙwararru kan ciwon ƙoda ta duniya, ta 2012, wadda aka sabunta a 2024, ta dogara ne da ma'auni biyu. Na farko ƙarfin tacewar ƙoda, wanda ake lissafawa daga sinadarin kiriyatinin na cikin jini, wani datti da tsoka ke samarwa ƙoda ta fitar, ana kiransa eGFR. In ya tsaya ƙasa da 60 akwai matsala, in ya sauka ƙasa da 15 ƙodar ta gaza. Na biyu shi ne yawan furotin albumin da ke yoyo cikin fitsari idan an gwada shi da kiriyatinin na fitsarin, wato ACR. Ƙasa da miligiram 30 a kowane giram lafiya ne. Daga 30 zuwa 300 yoyo ya fara. Sama da 300 yoyo ya yi tsanani.

Tsinken mai gida goma ba ya ba da ko ɗaya daga cikin waɗannan lambobi biyu. Gidan furotin ɗinsa yana ɗauke da wani rini mai suna tetrabromophenol blue, wanda aka tsare a cikin tsami, in albumin ya manne masa sai launinsa ya tashi daga rawaya zuwa kore, daga kore zuwa shuɗi-shuɗi. Jadawalin Multistix yana tafiya ne mataki-mataki: babu komai, sai ɗan ɓurɓushi da aka rubuta wa trace, sai +1 wanda ke nufin kusan miligiram 30 a cikin mililita 100 na fitsari, +2 kusan 100, +3 kusan 300, +4 kuma 2000 ko fiye. Rinin ba ya fara motsi sai furotin ya kai wajen miligiram 15 zuwa 30 a mililita 100.

Wannan iyaka ita ce babbar matsalar kayan, kuma lissafi kaɗan ya isa ya nuna ta. A ɗauki mutumin da ƙodarsa ke zubar da albumin miligiram 150 a rana. Wannan mutum yana tsakiyar matakin farko na yoyo, daidai lokacin da magani ya fi yi masa aiki. In yana shan ruwa sosai yana yin fitsari lita biyu a rana, kowace mililita 100 za ta ɗauki miligiram 7.5 kacal. Tsinken ba zai ga komai ba. Shi wannan mutumin, ranar da zafi ya buge shi ya yi gumi bai sha ruwa ba, fitsarinsa ya tsaya a rabin lita, kowace mililita 100 za ta ɗauki miligiram 30, tsinken ya nuna +1. Ƙodar ba ta canja ba tsakanin ranakun nan biyu, ruwan ne ya canja. Kamar cokalin gishiri ne a kofi da kuma a bokiti: gishirin ɗaya ne, harshe ne zai ji bambanci. Dalilin da ya sa gwajin ACR ke raba albumin da kiriyatinin ke nan, domin jikin babban mutum yana fitar da kiriyatinin kusan giram ɗaya a rana ba tare da la'akari da yawan ruwan da ya sha ba, saboda haka rabon yana gyara tsinkewar fitsarin.

Akwai gida guda a tsinken da ke ɗan rage wannan matsala, amma yawancin masu amfani da shi ba sa kallonsa: gidan kaurin fitsari, mai lambobi daga 1.000 zuwa 1.030. Ɓurɓushin furotin a fitsarin da kaurinsa bai wuce 1.010 ba abin a bi ne da gaske. Alamar +1 a fitsarin da ya kai 1.030 kuma tana iya zama ba komai ba. Duk wanda zai karanta gidan furotin ba tare da ya dubi wannan ba, rabin karatu ya yi.

Masu ciwon suga da hawan jini

Waɗannan biyu su ne kan gaba wajen kai mutane wankin ƙoda a duniya, kuma a kansu ne tsinken ya fi rauni. A ciwon suga, abin da ke fara faruwa shi ne ƙodar tana tace jini fiye da kima, matsin da ke cikin ƙananan matatunta ya ƙaru, har eGFR ya fito sama-sama kamar na ƙaƙƙarfan saurayi. Bayan shekaru sai albumin ya fara yoyo kaɗan-kaɗan, a wannan zango na 30 zuwa 300 da tsinken ba ya gani. Kafin ya nuna +1 a kai a kai, yawanci an riga an haura 300. Shi ya sa Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka ta ce a yi ACR da eGFR sau ɗaya aƙalla a shekara, mai nau'i na biyu tun ranar da aka gano cutar, mai nau'i na ɗaya kuma daga shekara biyar bayan ganowa. Akwai ma masu ciwon suga da ƙarfin tacewarsu ke raguwa ba tare da wani yoyon albumin ba sam, waɗannan gwajin jini ne kaɗai zai nuna su.

Gidan suga na tsinken ma yana da nasa ruɗanin. Suga ba ya tsallakowa fitsari sai na jini ya haura kusan miligiram 180 a mililita 100, don haka rashin ganinsa ba shaida ba ce cewa suga ya daidaita. Wanda kuma yake shan dapagliflozin ko empagliflozin, magungunan da yanzu ake bayarwa musamman don kare ƙoda, zai ga gidan ya rine sosai kullum. Aikin maganin ke nan, fitar da suga ta fitsari, kada a tsorata a daina sha.

Ɓarnar hawan jini a ƙoda a hankali take tafiya, ta hanyar ƙanƙancewar ƙananan jijiyoyin jini, kuma ba kasafai take zubar da furotin mai yawa ba. Tsinken na iya zama fes alhali rabin ƙarfin ƙodar ya tafi. Amma yana da amfani ta wata fuskar: matashi mai hawan jini da tsinkensa ya nuna +2 ko +3, musamman tare da jini, sai a yi zargin cewa ƙodar ce ta haifar da hawan jinin, ba hawan jinin ne ya taɓa ƙodar ba, kuma wannan yana buƙatar likitan ƙoda.

Abin da aka gada

Nan ne zancen ya fi faɗi, domin kowace cutar gado da irin sawun da take bari a fitsari.

A 2010 masu bincike suka gano cewa wasu sauye-sauye biyu a ƙwayar gado mai suna APOL1, da ke kan kuromosom na 22, waɗanda aka sa wa suna G1 da G2, su ne ke bayyana babban ɓangare na yawan gazawar ƙoda a tsakanin baƙaƙen fata. Sauye-sauyen sun yaɗu ne a Afirka ta Yamma saboda suna ba da kariya daga ƙwayar ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, cinikin bayi kuma ya kai su nahiyar Amurka, inda kusan kashi 13 cikin 100 na baƙaƙen fatar Amurka ke ɗauke da kwafi biyu. Wanda ya gaji ɗaya daga uwa ɗaya daga uba shi ne ke cikin babban haɗari, duk da cewa mafi yawansu ba sa kamuwa har ƙarshen rayuwa; yawanci sai wani abu ya tunzura lamarin, kamar cuta mai karya garkuwar jiki da ba a sha mata magani ba. Cututtukan da wannan gado ke jawowa, irin su tabon matatun ƙoda da ake kira FSGS, suna zubar da furotin da yawa, fitsari ya yi kumfa mai kauri da ba ta bajewa, ƙafafu da fuska su kumbura. A nan tsinken yana aiki sosai, zai nuna +3 ko +4 ba wata-wata. Sai dai ba ya gaya wa mutum ko yana ɗauke da gadon, wannan gwajin ƙwayar gado ne daban, kuma an fi yin sa ne ga mai niyyar ba da kyautar ƙoda ko wanda cutar ta yi yawa a danginsa.

Masu sikila su ne suka fi kowa faɗawa tarkon da muka lissafa a sama. Lanƙwasassun ƙwayoyin jini suna toshe siraran jijiyoyin da ke can tsakiyar ƙoda, wurin da ake kauranta fitsari, tun suna yara. Sakamakon haka fitsarinsu tsinkakke ne kullum, ko da na asuba ne, shi ya sa ma yaran ke yawan fitsarin kwance kuma suke saurin bushewa. Fitsari tsinkakke kuwa yana ɓoye albumin daga tsinken. Ƙari a kan haka, kiriyatinin ɗinsu na jini yakan yi ƙasa fiye da na sauran mutane, saboda ƙarancin tsoka da kuma yadda ƙodarsu ke fitar da shi da yawa, sai eGFR ya fito da kyau fiye da gaskiya. Lambar da za a ce lafiya ce ga wani, ga mai sikila tana iya zama alamar an yi asara. Ƙa'idar Cibiyar Zuciya da Huhu da Jini ta Amurka ta 2014 ta ce a fara duba furotin a fitsarinsu duk shekara daga shekara 10. Ga wannan rukuni, ba mu ba da shawarar dogaro da tsinken ba ko kaɗan. Masu rukunin jini na AS ma ba su fita gaba ɗaya ba, sukan yi fitsarin jini lokaci-lokaci, haɗarinsu kuma ya ɗan ɗara na masu AA.

Cutar buhunan ruwa a ƙoda, ADPKD, kowane ɗa na mai ita yana da rabi da rabi na yiwuwar gadonta. Ƙwayoyin gado biyu ne ke jawo ta: PKD1 a kuromosom na 16, wadda masu ita sukan kai ga gazawar ƙoda a shekaru hamsin da wani abu, da PKD2 a kuromosom na 4, wadda ta fi sauƙi, takan jinkirta har shekaru saba'in da wani abu. Ƙodar na iya cika da buhuna ta ninka girmanta alhali furotin ɗin fitsari ɗan kaɗan ne. Hoton sikanin da awon hawan jini su ne kayan aikin wannan dangi, tsinken ba shi da abin cewa sai ranar da buhu ya fashe jini ya fito.

Akasin haka cutar Alport, wadda ke taɓa zaren da aka saƙa matatun ƙoda da shi, kuma mafi yawanta ta wajen uwa take bi ta fi tsananta ga ƴaƴa maza, tare da raunin ji. Alamarta ta farko jini ne a fitsari wanda ido ba ya gani, tun ana yara, shekaru kafin furotin ya bayyana. Gidan jini na tsinken yana da kaifi ƙwarai, yana kama ƴan ƙwayoyin jini kaɗan, kuma a ganinmu shi ne gida mafi daraja a duk tsinken. Dangin da ake samun kurumta da ciwon ƙoda tare, wannan kwalbar ta cancanci zama a gidansu. Haka yake taimakawa a cutar IgA da lufus, waɗanda garkuwar jiki ce ke taɓa ƙoda a cikinsu, da tsargiya, da tsakuwar ƙoda. Sai dai gidan ba ƙwayar jini yake ganewa ba, sinadarin da ke cikinta yake ganewa, don haka fashewar ƙwayoyin jini a jiki ko narkewar tsoka bayan aiki mai tsanani za su rina shi. Dole a tabbatar ta hanyar duba fitsarin da madubin likita.

Abin da aka zo da shi daga ciki, da abin da shekaru ke kawowa

Ƙananan matatun ƙoda, waɗanda ake kira nefron, ana gama ƙera su ne a wajen mako na 36 na ciki, bayan nan ba a ƙara ko ɗaya. Yawansu ya bambanta sosai tsakanin mutane, daga wajen dubu 200 zuwa sama da miliyan biyu a ƙoda ɗaya. Bakwaini, da jaririn da aka haifa bai kai kilo 2.5 ba, sukan zo da kaɗan. Likitan ƙoda Barry Brenner da abokan aikinsa ne suka gabatar da bayanin a 1988: in matatun sun yi kaɗan, kowace tana ɗaukar aikin da ya fi ƙarfinta, ta kumbura, ta yi tabo, ta mutu, aikin ya koma kan sauran, haka abin ke ta zagayawa. Irin wannan nauyi ne ke kan mai ƙoda ɗaya, da mai ƙiba sosai, da wanda ƙodarsa ta taɓa tsayawa farat ɗaya sanadin zubar jini ko amai da gudawa ko zazzaɓi mai tsanani, ko da an ce ta farfaɗo. Dukkansu da ɗan ƙaramin yoyo suke farawa, saboda haka hukuncinsu ɗaya ne da na mai ciwon suga: ACR, ba tsinke ba.

Daga shekara 40 zuwa sama, ƙarfin tacewa yana raguwa da kusan maki ɗaya a shekara ko da babu wata cuta. Ga tsofaffi akwai abubuwa biyu da tsinken ba ya gani sam. Ɗaya kumburin ƙullutun nan na ƙarƙashin mafitsarar maza, wanda ke tare fitsari ya koma ya danne ƙoda. Ɗayan kuma kansar ɓargo mai suna mayeloma, wadda ke cika fitsari da wani irin furotin da rinin tsinken ba ya amsa masa, domin albumin ya fi sani. Tsoho mai ciwon ƙashi da ƙarancin jini da kiriyatinin mai hawa, tsinkensa kuma fes, wannan haɗuwa ita kanta alama ce.

Mata sun fi maza yawan samun ciwon ƙoda a ƙididdiga, amma na maza ya fi saurin kaiwa ga gazawa. Macen da ta taɓa yin hawan jinin masu ciki tare da furotin a fitsari, ko jijjiga, tana cikin waɗanda ya kamata a ci gaba da dubawa bayan haihuwa. A lokacin cikin kansa, tsinken yana da gurbi na gaske a awo, tare da na'urar hawan jini.

Yadda ake amfani da shi ba tare da an ɓata sakamakon ba

Fitsarin farko na asuba ake so, domin shi ya fi kauri, kuma yana kawar da furotin da wasu matasa ke zubarwa in sun daɗe a tsaye kawai, wanda ba cuta ba ne. A wanke gaba da ruwa zalla, a bar farkon fitsarin ya zuba, a tari na tsakiya a busasshen mazubi mai tsabta. Mazubin da aka wanke da maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su kulohezidin yana sa gidan furotin ya nuna ƙarya, ragowar bilic kuma yana rina gidan jini da na suga. A gwada cikin awa ɗaya, in ya yi yawa biyu. Fitsarin da ya jima a ajiye ƙwayoyin cuta suna mayar da shi mai kanwa-kanwa, da zarar gidan pH, mai auna tsami ko kanwar fitsari, ya kai 8 ko sama kuwa, rinin furotin yana canja launi ko babu furotin.

A ciro tsinke ɗaya da busasshen hannu a rufe kwalbar nan take. A tsoma duk gidajen cikin fitsarin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, ba fiye ba, domin jiƙa shi da yawa yana wanke sinadaran. Wajen cirowa a goga gefensa a bakin mazubin, a ɗan taɓa gefen a kan takarda mai tsotse ruwa, sannan a riƙe shi a kwance. In aka riƙe shi a tsaye, tsamin gidan furotin yana gangarawa cikin gidan pH ya ɓata shi, launuka su cakuɗe.

Agogo wajibi ne. A Multistix ana karanta suga a daƙiƙa 30, kaurin fitsari a 45, jini da pH da furotin a 60, fararen ƙwayoyin jini kuma a minti biyu. Duk launin da ya fito bayan minti biyu ba shi da ma'ana. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ajiye tsinken a tafi a dawo, a tarar gidan furotin ya yi kore, hankali ya tashi a banza. A karanta a haske mai kyau, hasken rana ya fi, a kuma sa tsinken dab da jadawalin kwalbarsa, ba na wata kwalba ba. Bambancin rawaya da ɗan kore-kore na ɓurɓushi siriri ne ƙwarai, mutum biyu sukan karanta tsinke ɗaya su saɓa, mai matsalar bambance launuka kuma ba zai iya ba. Wannan rauni ne na kayan kansa, shi ya sa asibitoci ke sa shi a na'ura ta karanta.

Akwai ranakun da bai kamata a gwada ba ma: lokacin zazzaɓi, cikin awa 24 bayan motsa jiki mai tsanani, lokacin jinin al'ada da kwana biyu zuwa uku bayansa, lokacin da suga ko hawan jini suka yi tashin gwauron zabi, da lokacin ciwon sanyin mafitsara. In gidan fararen ƙwayoyin jini ko na naitirait, masu nuna alamar sanyin, ya rine, a fara magance sanyin, a sake gwaji bayan an warke. Mai shan bitamin C da yawa ya sani cewa yana iya danne gidan jini da na suga a tsinkaye da dama su nuna babu alhali akwai.

Danshi da zafi su ne ke kashe tsinken. A ajiye shi tsakanin digiri 15 zuwa 30, ba a firji ba, ba a banɗaki ba, kada kuma a jefar da ɗan ƙunshin tsotse danshi da ke ciki. Gidan da ya dushe ko ya yi duhu tun kafin a tsoma shi ya lalace. A nan akwai wani aibi na yadda ake sayar da kayan: kwalba mai tsinke ɗari ta dace da asibiti, amma mutum ɗaya da zai gwada sau ɗaya a wata ba zai cinye ko kwata ba kafin sauran su mutu, domin kamfanoni da dama wata uku zuwa shida suke ba kwalbar da aka buɗe. Waɗanda aka naɗe ɗaya-ɗaya a leda sun fi dacewa da gida.

Abin da ya fi shi

Akwai tsinkayen da aka yi musamman don ƙaramin yoyo. Micral-Test na Roche yana gane albumin tun daga miligiram 20 a lita, wato ya fi na gida goma kaifi sau da yawa, amma shi ma ba ya gyara tsinkewar fitsari. Clinitek Microalbumin na Siemens yana da gidan albumin da na kiriyatinin tare, na'ura ta fitar da rabon a matakai uku. Sun fi, amma zango suke bayarwa ba takamaimiyar lamba ba. ACR na ɗakin gwaje-gwaje shi ne ma'aunin da ake yanke hukunci da shi, kuma shi ma ba a yarda da sau ɗaya: sai biyu cikin uku sun haura 30 a tsakanin wata uku zuwa shida.

Gwajin jini na kiriyatinin kuma a yi shi da sanin abin da ke karkatar da shi. Mai tsoka sosai nasa yakan yi sama ba tare da cuta ba, tsoho ramamme ko wanda aka yanke wa ƙafa nasa yakan yi ƙasa ya ɓoye cuta. Cin dafaffen nama da yawa kafin gwaji yana ɗaga shi na ƴan awoyi. Magunguna irin su trimethoprim da cimetidine da dolutegravir suna ɗaga shi ba tare da sun taɓa tacewar ba. A irin wannan hali sai a ƙara da gwajin wani sinadarin jini mai suna sistatin C, wanda tsoka ba ta shafarsa, ko da yake magungunan sitiroid da ciwon tayiroid suna karkatar da shi. A kuma duba takardar sakamakon: tsohon lissafin CKD-EPI na 2009 yana ƙara wa baƙar fata kusan kashi 16 cikin 100 a kan eGFR, abin da ke sa ƙodar ta fito da kyau fiye da yadda take, lissafin 2021 ya cire wannan ƙari.

Wanda eGFR ɗinsa ya sauka ƙasa da 60, lambar ACR ɗinsa tana da wani aiki kuma. Lissafin da Navdeep Tangri da abokan aikinsa suka fitar a Kanada a 2011 yana haɗa shekaru da jinsi da eGFR da ACR ya faɗi yiwuwar kaiwa ga wankin ƙoda cikin shekara biyu da shekara biyar. A Birtaniya, in ta shekara biyar ta haura kashi 5 cikin 100 ana tura mutum wurin likitan ƙoda. Alamar +1 ko +2 ta tsinke ba ta shiga wannan lissafi.

Wanda ya riga ya sayi kwalbar, ga yadda zai ɗauki abin da ya gani. Furotin +1 ko sama a fitsarin asuba, ko jini a gwaji biyu cikin uku, a kai wa likita a nemi ACR da kiriyatinin da awon hawan jini, a kuma dakata da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac kafin nan. Furotin +3 tare da kumburi, ko fitsari mai launin ja-ja da raguwar yawansa, wannan na ranar ne, ba a jira. In aka tabbatar da yoyo aka fara lisinopril ko losartan, magungunan hawan jini masu rage yoyon, a sake gwada kiriyatinin da fotasiyam cikin mako biyu zuwa huɗu. Hawan kiriyatinin da bai wuce kashi 30 cikin 100 ba abin da ake tsammani ne, ba dalilin daina magani ba ne, mai ciki kuwa ko mai neman ciki ba ta shan waɗannan. Mai ciwon suga, ko hawan jini, ko sikila, ko wanda aka haifa bakwaini, in tsinkensa ya fito fes, ranar gwajinsa na shekara tana nan yadda take.